Baƙon da Ke Sauka a Duhuwar Kawu

Na Allah ne mu, kuma can za mu koma. Kawu ya riga mu gidan gaskiya ran wata Laraba da hantsi, sanyi yana ban kwana zafi yana leƙowa, a shekarar da ta gabaci wadda aka yanke mana jiha muka daina jigila zuwa Sakkwato neman sa hannu. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Da liman ya juyo bayan sallar gawa ya ce duk wanda mamaci ya taɓa saɓa wa ya yafe masa, sahu ya ɗauka gaba ɗaya, "Mun yafe, mun yafe." Ni ma bakina ya motsa. Amma ni ba ni da abin yafe wa Kawu. Shi ne yake da abin yafe mini, kuma wata huɗu ina shiga ɗakinsa kullum ban iya roƙa ba.

A ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida aka yi zaman makoki. Mutanen Kontagora sun zo, ba laifi: 'yan kasuwa, malaman unguwa, tsofaffin ma'aikatan En'e da suka yi zamani tare da shi. Wani mahauci ya shafa fatiha ya ce, "Allah ya jiƙan Sarkin Tsuntsaye," sai na ga mutane suna haɗiye murmushi suna duban ƙasa. Wani tela da ya kwana biyu a duniya ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Malam, mutumin kirki ne, sai dai ka san akwai ɗan taɓi." Na so in tambaye shi wane ne ba shi da taɓi a layinsu, sai na tuna inda nake. A cikin gida mata suna ta koke-koke, ban da Iya, matar Kawu. Ta zauna bakin ƙofar ɗakinta da carbi, idonta a bushe, har maƙwabta suka fara cewa zuciyar dutse gare ta. Ba su san ta ba ne.

Ran uku wani dattijon Bafillace ya iso daga Bobi, a ƙasa, da sanda a wuya. Aminin Kawu ne tun suna da ƙarfi. Ya durƙusa ya yi addu'a mai tsawo, hawaye na bin gemunsa, sannan ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "Malam, baƙon nasa fa? Ya sauka bana?" Na miƙe na ce bari in sa a kawo masa ruwa. Na shiga zaure na tsaya, na rasa abin da na shigo yi.

Saboda wannan tambaya nake rubutun nan, da kuma tsoron kada a ce iyakar abin da za a tuna na Kawu shi ne sunan da mahauci ya kira shi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya sa ni makaranta har na zama malamin firamare. Aikinsa allurar shanu. Shekara da shekaru yana bin rugage a kan keke, Bobi, Kaboji, har Mashegu, ya kwana inda rana ta faɗi masa. A tsakanin ƙafafun shanu ya fara lura da waɗansu 'yan tsuntsaye masu ciki ruwan ɗorawa, masu kaɗa jela kamar ana biyansu. Ya ce da damina ba ka ganin ko ɗaya, sai an tone gyaɗa dawa ta sunkuyar da kai, ka wayi gari sun cika makiyaya. Zafi na tsananta kuma ka neme su ka rasa. Ya tambayi Fulani, suka ce haka suka tarar. Ya tambayi malamai, suka ce ikon Allah. Ya ce shi ma ya san ikon Allah ne, tambayarsa ina suke zuwa.

Yana kiransu baƙin kaka. Da ya bar aiki ya koma noman fadamarsa a bakin rafi, kaka na shigowa gidan ya yi rashin maigida. Daga masallacin asuba sai fadama. Ya san tsattsewa mai jan maƙogwaro da ke zuwa ta tafi, ya bambanta ta da tamu ta gida. Ya san wani ɗan toka-toka da ke tsayawa kan karan dawa yana harbin ƙwari. Amma babban baƙonsa wani ne mai ruwan ƙasa, mai jar wutsiya, bai kai kurciya ba, mai kunya kamar suruki. A ƙarshen fadamar akwai duhuwa, sarƙaƙiya da farar ƙaya sun cukurkuɗe a kan wani ɗan idon ruwa, wurin da ko akuya ba ta shiga. Nan wannan tsuntsu yake sauka duk shekara. Kawu ya rantse shi ɗin ne dai yake dawowa, in ba shi ba to ɗansa. In ya gan shi ya dawo gida yana sallama tun daga bakin titi, ya ce wa Iya, "Baƙo ya sauka," ita kuma ta ce, "To, a dafa masa kaza ne?"

Ba ya ɗaukar kowa zuwa wurin sai wanda zai iya rufe baki. Yakan ce, "Wanda ya zo daga nesa ba ya son surutu." In ka tambaye shi yaushe za su tafi, ya harare ka ya ce, "A gidanku ana tambayar baƙo haka?" Ni sau biyu ya kai ni bayan na girma. Na farko na yi tari, na biyu na duba agogo. Bai sake gayyata ta ba, ni ma ban nema ba. Ina ganin na yi boko, me tsoho mai allurar shanu zai koya mini a kan tsuntsun da ko miya ba ya yi.

Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru aka yi abin da ya sa garin ya san shi. Wani maharbi ya kama ɗaya daga cikin masu kaɗa jela a tarko, sai ga zoben ƙarfe a ƙafarsa da rubutu ƙanana. Kafin a ce kwabo magana ta zaga bakin kasuwa cewa jifa ne aka aiko wa wani. Kowa ya tuno maƙiyinsa. Masu cewa a ƙona shi sun fi yawa, wasu suka ce a kai wa malami ya karya abin tukuna, kuma babu mai yarda ya taɓa shi da hannu. Kawu ya ratsa taron ya sa hannu ya ɗauke tsuntsun, ya sa shi cikin hularsa. Aka ce masa, "In ya faɗa kanka fa?" Ya ce, "In ni aka aiko wa, ai ya iso."

Akwai wani Bature da ke koyarwa a makarantar gwamnati a lokacin, mai yawo bakin rafi ran Lahadi da madubin hangen nesa a wuya da ɗan littafi a aljihu. Wurinsa Kawu ya nufa, ya biya ta makarantarmu ya ɗauke ni in yi tafinta. Baturen nan da ya ga zoben sai ya matso da shi kusa da idonsa ya karanta rubutun. Ya ce masu kallon tsuntsaye irinsa ne suka sa shi a wata ƙasa can ƙetaren hamada da teku, inda ruwa ke daskarewa. Ya ce can suke sheƙa su yi ƙwai, sanyin can ya koro su, su zo su yi watanni a wurinmu su koma. Na fassara. Kawu ya buɗe hular ya daɗe yana kallon abin da bai cika tafin hannu ba. Sannan ya ce, "Tambaye shi, mai jar wutsiya ma haka?" Bature ya ce haka. Kawu ya ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ne. In ya bar nan, can ma akwai wani tsoho da ke zaune yana jira."

Daga ranar ya daina cewa tsuntsunsa. Sai ya ce amanar tsohon can. In zafi ya shigo baƙon ya ɓace, ya ce, "Na sallame shi lafiya, saura nasa." Sun yi shekara biyu ko uku suna zuwa fadama da Baturen, ba mai jin harshen wani, su zauna kamar kurame su dawo suna murna. Kawu yakan ce, "Shi yana da madubi, ni ina da haƙuri, kuma ni nake riga shi gani." Da Baturen zai koma ƙasarsu Kawu ya kai masa ƙwan zabi cikin ƙwarya, ya ce in gaya masa in ya haɗu da tsohon ya gaishe shi.

Ba zan ce waliyyi ba ne, don shi ma ba zai so a yi masa ƙarya biyu ba. Kawu yana da taurin kai, kuma harshensa in ya tashi yanka ba ya duba wuri. Ranar sunan jikansa na fari, ana jiran ya zo a raɗa suna, yana fadama, sai da rana ta ɗaga ya shigo da ƙaya a riga. Surukarsa ba ta manta ba har yau. Amma shi ne kuma mutumin da ya ɗauko wani Bakambare da maciji ya sara a hanyar Kaboji, ya ɗora shi kan keke ya turo shi a ƙasa har asibiti, ya kwana uku yana jinyarsa bai san sunansa ba.

Rigimar duhuwa da babban ɗansa aka yi ta, taubashina, wanda ya girme ni da shekara biyu. Shekarun farin nan ne da aka yi a jere. Mu nan ba mu sha wuya kamar mutanen arewa ba, amma dawa ta yi ƙamfa, gida ya cika da 'yan uwan da suka gangaro neman abinci, kuma duk fadamar inda ke riƙe ruwa da rani shi ne gindin duhuwar. Taubashina ya ce a sare a yi lambun albasa. Gaskiya yake da ita, har yanzu ban ce ba shi da ita ba. Ya ce, "Baba, mutum ashirin ke cin tuwo a gidan nan. Tsuntsu zai ciyar da su?" Kawu ya ce, "Kai da ka zo duniya me ka ciyar kafin a ba ka masauki?" Ya ce in dai yana numfashi ba mai sa gatari a wurin. Wata guda ba ya amsa gaisuwar ɗansa. Ni na shiga tsakani, ina ba wannan haƙuri ina ba wancan, amma a zuciyata ina bayan albasa.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Kawu gani. Da farko yana ganin inuwa, daga baya ko ita babu, ƙafafu kuma suka kumbura, daga ɗaki sai bakin ƙofa. A ƙarshen daminar da ta zama ta ƙarshe gare shi taubashina ya same ni ya ce, "Malam, Baba ba zai sake taka fadama ba. Abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta ƙuna." Na yi ɗan ja-in-ja na kunya, na yarda. Muka ɗauki 'yan ƙwadago aka sare sarƙaƙiyar, aka tara ta bushe. Ranar ƙonawa taubashina ya je kasuwar Bobi. Ni na ƙyasta ashana. Wuta ta ci rabin yini, aka ja kwamai na dashen albasa, aka kafa jigo a kan idon ruwan. Muka gargaɗi kowa a gidan kada a kai maganar ɗakin tsoho.

Bayan kamar sati uku na je gaishe shi ran Juma'a, don a lokacin Juma'a-Juma'a nake leƙa shi, in ma ban manta ba. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, an tone gyaɗa ko?" Na ce an tone. Ya ce, "To, ka zama idona. Ka je duhuwa da sassafe, ka zauna ta gabas, kada ka yi tari. Ka dawo ka gaya mini."

Na je. Ban san me ya kai ni ba, tunda na san abin da zan tarar. Kwaman albasa shar, toka a gefe, kututture baƙi. Masu kaɗa jela suna nan a bayan shanu can nesa, su ba ruwansu. Na zauna a kan kututture har rana ta fito sosai. Ban ga mai jar wutsiya ba, kuma ko ya zo ba shi da inda zai sa kansa.

Da la'asar na shiga ɗakin da niyyar faɗin gaskiya. Na tarar ya sa an zaunar da shi, an sa masa farar riga da hula kamar mai jiran baƙi, fuskarsa tana duban ƙofa. Ya ce, "Yaya?" Na ce, "Ya sauka, Kawu." Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka gan shi da idonka?" Na ce na gan shi, da jar wutsiyarsa. Da na ga fuskarsa ta saki, sai na ƙara gishiri. Na ce, "Yana ta rera kuka mai daɗi, duk fadama ta ɗauka." Ya ce, "Tun yanzu?" Na ce tun yanzu. Ya ce, "To. Bana ya yi sauri." Ya sa aka cire masa hular, ya kwanta. Har na kai ƙofa ya ce, "Gobe ma ka je."

Haka na shiga ramin da na haƙa. Ƙarya irin wannan kullum sai an ba ta abinci. Kowace safiya kafin makaranta in biya ta fadama, don kada a ce ba a gan ni ba, kowace la'asar in zo in zauna bakin gadonsa in ba da labari. Yau ya sha ruwa a idon, yau ya kori wani ɗan tsuntsu daga reshensa, yau bai fito ba sai da rana ta yi zafi. Kawu yana saurare, yana gyaɗa kai, ba ya ƙure ni da tambaya. In na gama sai ya ɗauko nasa: yadda suka yi da wani bijimi a Mashegu, yadda mahaifiyata take tsoron kwaɗo tana ƙarama, abin da mahaifina ya ce masa a kaina kafin ya cika. Abubuwan da na shekara talatin a gabansa ban taɓa zama na ji ba, a wata huɗun nan na ji su. Ina fita daga ɗakin kamar wanda ya ci amanar maraya, gobe kuma in dawo.

Sau uku na ɗaura niyyar faɗa masa. Na farko baƙi suka shigo. Na biyu na ce, "Kawu, akwai magana," ya ce, "Ta tsuntsu ce ko ta mutane?" na ce ta mutane, na ƙirƙiro wata. Na uku ana gobe zai rasu. Numfashinsa ya yi nauyi, na riƙe hannunsa na ce a raina yau ko ana ha-maza-ha-mata sai na faɗa. Ya ce, "Zafi ya fara. Ya kusa tafiya ko?" Na ce, "Ya kusa, Kawu." Ya ce, "Allah ya kai shi lafiya." Na ce amin. Albasa kuwa ta yi kyau a shekarar, gidan ya ci ya sha, ban taɓa jin abinci mai ɗaci kamarta ba.

Bayan addu'ar bakwai, jama'a sun watse, Iya ta aika a kira ni. Tana zaune a tabarma cikin kayan takaba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Malam, na ga kana ramewa. Kana ci kuwa?" Na ce ina ci. Sai kawai bakina ya buɗe, abin da na kasa faɗa wa mai shi na zazzage mata, tun daga gatari har ashana. Ta bar ni na kai aya, tana jan carbi.

Ta ce, "Ai ya sani."

Na ce wa ya gaya masa.

Ta ce, "Kai. Ranar farko. Kana fita ya kira ni ya ce, 'Sun sare duhuwa.' Na ce wa ya ce maka? Ya ce, 'Malam ya ce yana kuka mai daɗi. Tsuntsun nan in ya sauka a gajiye yake, sai ɗan ƙara kamar na kwaɗo daga cikin ƙaya. Ba ya sakin murya sai ya huta ya kusa komawa. Da Malam ya taɓa zama ya saurara ko sau ɗaya, da ya iya ƙaryar.'"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "To, Iya, me ya sa bai yi mini faɗa ba? Me ya sa yake ta aika ni?"

A nan ne na ga hawayen da maƙwabta suka ce ba ta da shi. Ta ce, "Kwana biyu bai ci abinci ba. Na ce bari in kira ku ya wanke ku tas, ya huce. Ya ce kul. Ya ce, 'In ya san na sani, kunya za ta hana shi shigowa. Da daga Juma'a sai Juma'a nake jin muryarsa, yanzu kullum yana nan. Na rasa baƙo ɗaya, kada ki kore mini na biyu.'"

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi masaukin da ba a sarewa. Ya sa abin da ya yi wa marasa baki da masu baki ya tarar da shi a can.

Kafin in tashi na tambaye ta abin da ya kawo ni duniyar nan ta rashin barci. Na ce, "Iya, kin ji ya ce ya yafe mini?"

Ta share ido da bakin mayafi, ta yi tunani sosai, don Iya ba ta ƙara gishiri a magana. Ta ce, "Ban ji ya ce ba, Malam. Kullum yana jira ka tambaya."